Gadar da Ban Faɗa Ba

Shekarun baya, muna zaune a Manchester, na taɓa yi wa wata tsohuwa ƙarya a cikin bas. Ƙaryar ba ta wuce kalma ɗaya ba. Jiya na haye wata gada a mota sai abin ya dawo mini sabo, na ce bari in rubuta muku shi yadda ya faru.

Maigidana ne ya zo karatun jami'a, ni kuma na biyo shi. Karatuna bai wuce sakandare ba, don haka aikin da na samu shi ne shara da wanke-wanke a wata 'yar cibiya ta tsofaffi a Cheetham Hill, bayan manyan shagunan 'yan sari. Tsofaffin unguwa kan zo su ci abincin rana, su ji ɗumi, su koma gida. A shekarar ce mahaifiyata ta rasu a Gusau. Takardunmu na zama suna hannun hukuma ana sabunta su, babu halin fita. Kafin ma wayar ta same ni an kai ta makwancinta. A maganarmu ta ƙarshe ta tambaye ni yaushe zan zo, na ce mata sai dai baɗi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah ya kai mu." Da wannan shirun nata nake tashi, da shi nake zuwa aiki. Ban yi kuka ba. Na dai riƙa goge tebur ɗaya sau uku ban sani ba.

A cikin tsofaffin akwai biyu da ba sa rabuwa. Ɗaya 'yar Hong Kong ce, 'yar siririya, mai zuwa da ganyen shayinta a gwangwani domin ta ce namu ruwan wanki ne. Ita nake kira Mai Shayi a raina. Kullum tana cikin shafa man zafi, a gwiwa, a goshi, a wuya, har ya zama kafin ta shigo hancinka ya gaya maka ta iso. Ɗayar 'yar Bolibiya ce, can nahiyar Amurka ta Kudu, mai jiki, da kitso biyu har gadon baya. Ita ce Mai Burodi, domin ba ta zuwa hannu rabbana. Dukansu Turancinsu bai fi nawa ba. Idan faɗa ya yi zafi kowace sai ta koma yarenta, kuma abin mamaki suna gane juna sarai.

Babban faɗansu a kan abinci ne. Kowace ƙasa a cikinsu tana da wani abu na fulawa da ake ƙunshe nama a ciki. Na Mai Shayi ƙanana ne ana turarawa, na Mai Burodi manya ana gasawa.

"Namu kuka sata," in ji Mai Shayi, "kuka ƙara masa girma saboda haɗama."

"Naku fa? Sai mutum ya ci ashirin kafin cikinsa ya san ya yi baƙo."

"Shi ya sa ƙofa take miki kaɗan."

"Ke kuma iska mai ƙarfi ta zo, sai dai a neme ki a Liverpool."

Suna gama wannan sai kowace ta tura wa 'yar'uwarta farantinta.

Wata rana ina fere dankali a kusa da su, na ji hirar ta juya kan matattu. Mai Burodi ta ce a ƙasarsu ranar ɗaya ga Nuwamba, da ƙarfe sha biyun rana daidai, waɗanda suka mutu kan dawo ziyara, su kwana ɗaya, washegari da sha biyun rana su koma. Ana shirya musu tebur da abin da suke so a duniya, da ruwa, da burodi mai siffar tsani domin su sauko su kuma hau. Ta ce mamaci yakan fara zuwa ne wurin da ya saba, kuma idan ka ga ƙuda ya sauka a kan abincin to baƙon ya iso.

Mai Shayi ta ce su a wurinsu mamaci ba ya iya haye ruwa shi kaɗai. Lokacin da ta ɗauko tokar gawar mijinta, wadda aka ƙona bisa al'adarsu, daga wani gari, ta rufe tulun da baƙar lema, kuma duk gadar da motar za ta hau sai ta kira sunansa ta ce, "Gada ce, biyo ni." Ta ce idan aka manta ko da guda ɗaya, a nan zai tsaya a bakin ruwa yana jira, bai san gaba ba bai san baya ba.

Na yi istigfari a zuciyata na ci gaba da fere dankalina. Sai na ji Mai Shayi ta ce, cikin wasa kamar kullum, "Ɗana yana Kanada, ba zai tuna ba. Idan na riga ki, ke za ki ciyar da ni."

"Zan ciyar da ke," in ji Mai Burodi, "amma irin namu manya za ki ci, ko kina so ko ba kya so."

Mai Shayi ce kuwa ta riga. Ciwon kwana huɗu ta yi a asibiti, a farkon bazara. Mai Burodi ba ta samu ganinta ba, domin a lokacin yanar ido ta rufe mata gani, ba ta iya hawa bas ita kaɗai, kuma ranar da aka samu mai raka ta an makara. Bayan wata biyu aka rufe cibiyar. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, ƙaramar hukuma ta ce babu abin da za ta ƙara bayarwa, ɗakunan karatu ma rufe su ake yi. Aka buga katako a tagogin. 'Yar Mai Burodi, wadda ke aure a Birmingham, ta zo ta kwashe uwarta ta tafi da ita gidanta a unguwar Small Heath.

Ana saura mako guda Nuwamba ta shiga, Mai Burodi ta kira ni a waya.

"'Yata, kina da idanu, ni ba ni da su. Ƙawata za ta je cibiya ranar ɗaya ga wata, ta tarar da katako. Ba ta san Birmingham ba. Zan zo in tafi da ita yadda ta koya mini. Ke dai ki zauna wajen taga ki gaya mini idan za mu haye ruwa."

Na ce, "Mama, kin san ni Musulma ce."

"Na sani. Ban ce ki kira kowa ba. Gada kawai za ki nuna mini. Addininku ya hana nuna wa makauniya gada?"

Na ce mata zan yi shawara a gida. Da na gaya wa maigidana ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ki raka ta don Allah, tsohuwa ce. Ke dai ki riƙe imaninki." Ina jin ya yarda ne domin ya ga wata shida ban nemi zuwa ko'ina ba.

Da ranar ta zo, 'yarta ta sa ta a bas da safe, na tare ta a tasha. Sha biyu saura muna tsaye a ƙofar cibiyar. Ana yayyafi, titin babu kowa sai motocin kaya. Mai Burodi ta buɗe baƙar lema, amma ba kanta ta rufe ba. Ta miƙe hannu ta riƙe ta a gefenta, a kan wurin da babu kowa, ruwa yana sauka a kan furfurarta. Ta tambaye ni lokaci, na ce sha biyu ta yi. Ta kira sunan ƙawarta sau uku.

Ni dai abin da na ji zan faɗa. Na ji ƙamshin man zafi. Na gaya wa kaina tsohuwar ce ta shafa, ko lemar ce, tunda ta marigayiyar ce aka ba ta. Na matsa kusa da ita da dabara na shinshina rigarta. Warin ruwan sama kawai take yi.

"Ga ki nan, sarkin latti," ta ce da iska. "Mu je."

A bas ɗin Birmingham ta sa na zauna wajen taga, ita a bakin hanya ta ɗaya ɓangaren, kujerar da ke gefena kuma ta kwantar da lemar a kai, ta nuna wa direba tikiti uku. Tun muna tasha wani ƙuda ya lafe a jikin gilashina. A wannan sanyin ban san inda ƙuda ya fito ba. Ban gaya mata ba, kuma ban kore shi ba.

Na yi aikina da gaskiya. Da na hango ruwa a gaba sai in ce, "Mama, gada." Ita kuma ta sunkuyo wajen lemar ta kira sunan, ta ce, "Gada ce, biyo ni." Wani saurayi da ke bayanmu ya cire abin kunnensa ya saurara, ya mayar. Har ƙananan rafukan da ke bi ta ƙarƙashin titi ban bari sun wuce ba. Na fara jin kaina kamar wata babbar ma'aikaciya.

Waɗanda suka zauna a ƙasar nan sun san yadda ranar hunturu take. Kana idar da azahar la'asar na bakin ƙofa. Na duba agogo na ga lokacin azahar yana neman fita, ga shi ina da alwala tun daga gida. Na leƙa gaba, gonaki ne shimfiɗe har iyakar gani, babu alamar ruwa. Na ce a raina sallar matafiyi ce, raka'a biyu, yanzu zan idar. Na gyara mayafina na tayar da kabbara a zaune.

Ina cikin raka'a ta biyu na ji ƙarar tayoyin ta canja, irin yadda take yi idan ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin mota. Ta wutsiyar ido na ga ruwa. Miƙaƙƙen ruwa ne, da wani siririn jirgi kore ɗaure a bakinsa, da shanu a gefe. Bakina yana cikin Fatiha. Tun ina ƙarama mahaifiyata ta koya mini ko gobara ake yi ka fara duba ko da rai a ciki kafin ka katse salla. A nan ban ga ran kowa ba. Na ƙarasa karatuna, na yi ruku'u, na yi sujada da kai, na yi tahiya, na sallame.

Da na juya, ƙudan ba ya jikin gilashi. Na duba sama, na duba ƙasa, na ɗaga jakata. Sai na lura hancina ba ya jin komai sai warin kujera da na man mota.

Mai Burodi ta ɗago kai. Idanunta farare suna kallon wajen da nake amma ba ni ba.

"'Yata, mun haye ruwa?"

Na ce, "A'a."

Ban san abin da ya sa ba. Ko dai na sani: kunya na ji, kuma na ce a raina ai duk abin nan ba gaskiya ba ne, me zai sa in tayar wa tsohuwa hankali a kan abin da babu shi. Ta gyaɗa kai. Sauran gadojin duk na faɗa, ta kira, amma muryarta tana ta raguwa. A ta ƙarshe da ƙyar na ji ta.

A gidan 'yarta an shirya tebur a falo, an shimfiɗa baƙin kyalle. Ga burodi mai siffar tsani, ga lemo, ga kofin ruwa, ga hoton Mai Shayi tana harara. Ga manyan nan na Bolibiya, kuma a gefensu ga ƙananan nan na Hong Kong, waɗanda tsohuwar ta ƙunshe da hannunta da lalube, duk sun karkace. Mijin 'yar, mutumin Pakistan ne mai tuƙa tasi, ya yi mini sallama ya nuna mini alƙibla, ya ce cikin raɗa, "'Yar'uwa, ni ma idan wannan ranar ta zo a kicin nake cin abinci."

Mai Burodi ta jingine lemar a kujera, ta zuba shayi, ta zauna. Har magariba ba ta bar wurin ba. Shayin ya huce, ta zubar, ta sake zubawa. Da 'yarta ta ce ta ci wani abu, sai ta ce, "Ba ta zo ba." 'Yar ta ce ai ba a gani da ido, Mama. Ta ce, "Na san ta. Ta taso tare da ni, a hanya ta fasa. Tunawa ta yi ban je asibiti ba. Tana da gaskiya. Kwana huɗu tana kallon ƙofa."

A gidan na kwana, idan za a kira shi kwana. Da na sauko bayan asuba na tarar da ita a kujerar nan, da kayan jiya a jikinta. Na san wannan zaman. Shi nake yi tun rasuwar mahaifiyata: ka zauna kana lissafin ko wanda ya tafi da fushinka ya tafi, kuma babu wanda za ka tambaya. Bambancin kawai, ita akwai wadda ta san amsar da za ta sanyaya mata rai, wato ni, ina tsaye a bayanta na yi gum.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Mama, na yi miki ƙarya. Mun haye ruwa. Ina salla ne, ban iya magana ba. Da kika tambaye ni kuma na ji kunya."

Ta lalubo fuskata da hannu biyu. Na zaci mari za ta yi, kuma da na karɓa.

"Kina nufin ba fasawa ta yi ba? Barin ta muka yi?"

"Eh, Mama."

Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Wayyo, tsohuwar banza! Tana can tsaye a bakin ruwa tun jiya tana zagina da yarensu!" Ta share ido ta ce, "Da kika yi shiru kina magana da Allah, wannan ba laifi. Wanda kika yi da na tambaye ki, shi ne ya hana ni barci. Ɗauko lemar."

Surukinta ya fito da buroshi a baki aka gaya masa. Ya ce astagfirullah ya fi sau biyar, sannan ya ɗauki mukulli. "Na ɗauki mashaya, na ɗauki mai naƙuda, yau kuma ga inda aiki ya kai ni. Mama, idan ta shigo ki ce ta ɗaura bel." 'Yar ta cusa mini leda a hannu, da fulas na shayi da ɗan abin da ta tsinta daga tebur, ta ce ko a hanya ma ci.

Neman gadar ya fi yadda na zata wuya. Abin da na riƙe kawai koren jirgi da shanu. Ba a tsayawa a kan babban titi, sai an sauka an zagaya ta ƙauyuka. Ruwan farko da muka je kogi ne mai lanƙwasa, ba shi ba ne. Na biyu babu jirgi. Surukin ya daina wasa, yana ta duban agogon mota. Sha ɗaya da rabi ta wuce muka gangara wata 'yar hanya mai laka, na hango koren jirgin.

Ya kashe mota ya ce a hankali, "Mama, ko yanzu muka juya ba za mu kai gida kafin sha biyu ba."

"To a nan za ta ci," in ji ta.

Muka riƙe ta muka shiga ƙarƙashin gadar. Motoci na wucewa a samanmu kamar tsawa, amma ruwan ko motsi ba ya yi. Na shimfiɗa ledar a kan wani dutse na jera abin da ke ciki: tsanin burodi da ya karye gefe ɗaya, babba guda, ƙanana uku, da murfin fulas cike da shayi. Ta buɗe lemar ta miƙe hannu. Ta kira sunan sau uku, ta ce, "Gada ce. Ni ce na makara, kamar wancan karon. Zo ki ci."

Muka tsaya. Ban san minti nawa ba. Sai ƙamshin ya zo, ba daga wajen tsohuwar ba, daga bakin ruwa, a hankali, kamar mutum ya wuce ta gabanka. Na kalli surukin. Ya kau da kai yana motsa leɓe. Daga baya a mota ya ce na'ana'a ce ke fitowa a irin wuraren nan, ni ma na ce haka ne. Amma ƙudan da ya sauka a bakin murfin shayin, babu wanda ya yi maganarsa a cikinmu, kuma tsohuwar da ba ta gani ita ce ta ce, "Yauwa. Fara da babban."

Can ta juyo wajena. "'Yata, akwai sauran wuri. Mahaifiyarki fa?"

Na ce, "Mu ba ma kiran su, Mama. Addu'a muke bin su da ita."

"To bi ta mana. Me kike jira?"

Na ɗaga hannu a ƙarƙashin gadar nan na roƙa wa mahaifiyata gafara. Na roƙi Allah ya sa shirun da ta yi a waya ba fushi ba ne. Surukin yana cewa amin. A nan kukan da na riƙe wata da watanni ya zo, kuma babu wanda ya ce in yi haƙuri, suka bar ni na yi shi har ya ƙare.

Da sha biyu ta cika ta rufe lemar. Ta miƙo mini tsanin burodin ta ce a ƙasarsu wanda ya yi addu'a shi ke tafiya da burodi. Na karɓa da hannu biyu. Ban ci ba, ban kuma jefar ba. Na marmasa wa agwagin da ke wajen jirgin, ta ji kukansu ta gane, ta ce, "Ke da ƙawata halinku ɗaya, taurin kai."

Da na ba wani malami labarin bayan mun dawo gida, ya ce ai da na jinkirta azahar ɗin na haɗa ta da la'asar, matafiyi yana da wannan sauƙin. Na ce, "Allah ya gafarta malam, ina kake a ranar?"

Mai Burodi ta rasu shekara biyu bayan nan. 'Yarta ta ce yanzu hoto biyu take ajiyewa a teburin, kusa da juna. Ni imanina yana nan inda yake. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa shan shayi. Abin da na shaƙa kuwa na bar wa Allah saninsa. Sai dai tun daga ranar, ko a Gusau ko a ina, da na ji ƙarar taya ta canja a ƙarƙashina, ko hira nake yi sai na tsaya. Ba na kiran kowa ya biyo ni. Ina dai cewa, Allah ya ji ƙan Inna. Har yau ban ƙara bari gada ta wuce ni ina shiru ba.